AMANAR FADAMA: DARASI GA SAMARIN KABI A KAN HAƘƘIN DABBOBI DA CIN GUMIN KAI

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya gudanar da gulabe a cikinta, Ya watsa dabbobi a tudu da ruwa, kuma Ya ɗauki nauyin ciyar da kowannensu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa saurayi, Allah Ya yi maka albarka. Darasinmu na yau a kan abin da kake gani kullum ne, har ka saba da shi ka daina lura: gulbin da ya ratsa garinku, da kifin da ke cikinsa, da tsuntsayen da ke shawagi a kansa, da itatuwan gonar mahaifinka. Muna so mu san haƙƙinsu a kanka, mu san yadda za ka ci abinci daga gare su ba tare da ka kashe su ba. Ka karanta a natse, in ka gama ka karanta wa wanda bai iya ba.

NI'IMAR DA KA TARAR

Ka sani, Gulbin Rima yana haɗuwa da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Shehu, sa'an nan ruwan ya gangaro ta Augie da Argungu da Birnin Kebbi da Kalgo da Bunza, har ya faɗa Kwara. Duk shekara in damina ta nutsa, ruwan yakan cika ya malala a fadama. Wannan malalar ita ce asirin arzikin Kabi. Ita ke kawo laka mai taki ta shimfiɗa wa manomin shinkafa. A cikin ciyawar da ta nutse ne tarwaɗa da ƙarfasa da balli suke zuba ƙwai, 'ya'yan su sami abinci da maɓoya har su yi ƙwari. In ruwa ya janye, makiyayi ya sami ɗanyar ciyawa, mai lambu ya sami damshi, masunci ya sami tafkuna cike da kifi. Mutum uku suna ci daga wuri ɗaya, kowa da lokacinsa. A kan wannan ne Muhammadu Kanta ya kafa daularsa tun ƙarni na 16.

To, je ka zauna wurin wani dattijo a Gulma ko Ambursa, ka tambaye shi abin da ya gani yana yaro. Zai lissafa maka gauraka da dinya da kirinjijiya a fadama, da barewa da gada a dajin tudu, da ungulu cike da mahauta ranar kasuwa. Sa'an nan ka tambayi kanka: cikin waɗannan nawa ka taɓa gani da idonka? Gauraka ita ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya, amma yau sai ka yi shekaru kana yawo a fadama ba ka ji kukanta ba.

ME YA KAWO HAKA?

Dalilan iri biyu ne. Akwai waɗanda suka fi ƙarfinka, akwai waɗanda ke hannunka.

Na farko su ne kamar farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da wanda ya sake dawowa a 1983 da 1984, waɗanda suka kashe dabbobi da itatuwa ba adadi. Haka kuma madatsun ruwa: an gama ta Bakolori a 1978, ta Goronyo a 1984. Suna da amfaninsu, don sun ba birane ruwan sha, sun ba wasu manoma noman rani. Amma sun canja wa gulbi ɗabi'a. Malalar da kifi da shinkafa suka saba da ita ta ragu, wani lokaci kuma ruwa ya zo gaba ɗaya ya yi ɓarna, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2010. Ga jama'a ta ƙaru, gonaki sun cinye daji da burtali.

Na biyu kuwa aikin hannunmu ne, kuma galibi mu samari muke yinsa:

1. Zuba guba a ruwa, ko Gamalin ko maganin feshin gona, don a kwashi kifi a yini ɗaya.
2. Su da gidan sauro ko taru mai ƙananan idanu, wanda ba ya barin ko ɗan tsako.
3. Cinna wa daji wuta don a kama gafiya ko zomo.
4. Sare kirya da marke da gawo ɗanye don gawayi.
5. Harbin tsuntsaye da danƙo don nishaɗi, da kwashe ƙwai daga sheƙa.
6. Kashe ungulu don a sayar da kanta ga masu tsubbu.

Allah Maɗaukaki Ya sanar da mu a Suratur Rum, aya ta 41, cewa ɓarnar da ke bayyana a tudu da ruwa sakamakon aikin mutane ce, kuma Yana ɗanɗana musu ɗacinta ne don ko sa komo. Ai kuwa muna ɗanɗanawa. Masuncin da ubansa ke cika kwale-kwale, yau shi ne ke dawowa da abin da bai kai na miya ba.

SU MA AL'UMMA CE

Wani saurayi zai ce: "Malam, dabba ce fa, don mu aka halicce ta." Gaskiya ne an hore mana ita. Amma an hore maka jakin gidanku, wannan bai ba ka ikon karya masa ƙafa ba. Duba Suratul An'am, aya ta 38: ma'anarta ita ce duk abin da ke tafiya a ƙasa da duk mai tashi da fikafikai al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. Ga kuma abin da ya tabbata daga Manzon Allah (S.A.W.), muna kawo shi da ma'ana:

Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Ta ɗaure ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, har ta mutu. Sun kuma ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shiga rijiya ya ɗebo wa kare ruwa a cikin takalminsa. Kyanwa ɗaya, kare ɗaya. To yaya wanda ya zuba guba a tafki guda, ya kashe kifi da kwaɗi da kunkuru da tsuntsun da ya ci mushen, ya kuma sayar wa Musulmi abin da zai cuce su?

Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa, uwar ta zo tana ta karkaɗa fikafikai a kansu. Da Annabi (S.A.W.) ya gani sai ya nemi sanin wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umarni a mayar mata da 'ya'yanta. A wannan tafiyar kuma ya ga gidan tururuwa da aka ƙone, ya hana, ya bayyana cewa azaba da wuta ta Ubangijin wuta ce Shi kaɗai. Kai mai cinna wa daji wuta saboda gafiya ɗaya, ka ji. Tururuwa nawa, ƙwai nawa, ciyawar shanu nawa ka ƙone?

Muslim ya ruwaito hani a kan mayar da abu mai rai abin gwajin harbi. Imamu Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa wasiyyar da Sayyidina Abubakar (R.A.) ya yi wa kwamandansa Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da zai fita zuwa Sham. Cikin abin da ya hana shi akwai sare itace mai 'ya'ya, da yanka akuya ko raƙumi in ba don ci ba, da ƙone ƙudan zuma. Wannan a fagen yaƙi ke nan, a ƙasar abokan gaba. Ina ga lokacin zaman lafiya, a ƙasar ubanka?

Kada ka fahimci cewa an hana farauta ko su. Halal ne mutum ya yi farauta don ya ci ko ya ciyar da iyalinsa, kuma halal ne a kashe abin da ke cutarwa, kamar kunama da ɓera da kare mai cizo. In jan-baki ya sauka a shinkafarka, kora shi haƙƙinka ne. Amma farauta don wasa kawai, mai Risala ya ce makaruhi ce. Ma'aunin shi ne bukata: ɗauki gwargwadonta, ka bar saura.

DARASIN UNGULU

Tsaya mu ɗan daɗe a kan ungulu, don mutane sun raina ta. Ana ce mata ƙazama, alhali ita ce mai sharar gari da ba a biya. Cikinta yana narkar da mushe tare da cututtukan da ke cikinsa, kafin ƙuda da karnuka su yaɗa su.

A ƙasar Indiya an riƙa yi wa shanu allurar wani maganin ciwon jiki mai suna diclofenac. In saniya ta mutu ungulu ta ci, sai ƙodarta ta lalace ta mutu. Daga shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000, fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu irin ungulayen ƙasar suka ƙare. Mushe ya yi ta ruɓa a fili, karnukan bola suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru a cikin mutane. Sai a 2006 gwamnati ta hana ba dabbobi maganin, bayan aikin gama ya gama.

Ungulun da muka sani a mahautanmu, tun 2015 masana suka sa ta cikin halittun da ke gab da ƙarewa. A ƙasarmu babban abin da ke cinye ta shi ne kasuwar tsubbu: wai kanta yana kawo sa'a, wai yana sa a ga gaibu. Subhanallahi! Tsuntsuwar da ba ta iya tsare kanta daga tarko, ita ce za ta ba ka sa'a? Mai wannan ciniki ya haɗa laifi biyu, ya zalunci halitta, ya kuma ɓata tauhidinsa.

DARASIN MATAN FADA

Kowa ya san bikin kamun kifi na Argungu. Ya ɗauki siffarsa ta yau a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara, aka rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. An kama giwan ruwa mai kilo 75 a 2005. Bayan bikin 2009 sai aka yi shekaru ba a yi ba, har zuwa 2020, inda kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78.

To, tambaya: me ya sa ake samun irin wannan kifi a Matan Fada, ba a samunsa a tafkin ƙauyenku? Wani zai ce asiri ne. Asirin a fili yake: an hana su a wurin duk shekara, akwai Sarkin Ruwa da mutanensa masu tsaro, kuma ranar da aka buɗe da homa da gora ake shiga, ba da guba ba. Giwan ruwa ba ta kai wannan girma sai ta yi shekaru, kuma manyan galibi mata ne, su suka fi yawan ƙwai. Wurin da aka bar kifi ya huta, shi ke ciyar da sauran ruwa da iri.

Wannan doka ta rufe wuri tana da asali a Shari'a, sunanta hima. Manzon Allah (S.A.W.) ya keɓe wurin da ake kira Naƙi'u kusa da Madina don dawakin Musulmi. Sayyidina Umar (R.A.) ya keɓe Rabaza don dabbobin zakka da na talakawa. Kalmar hurumi da muke faɗa, daga harimi ta Larabci ta fito, watau filin da ake bari kewaye da rijiya ko gulbi ko gari, ba mai mallake shi. Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa cancantar sanin haka, don Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu ya yi littafi musamman a kan hukuncin filaye da raya matacciyar ƙasa, mai suna Ta'alimur Radi. Saboda haka in shugabanni suka rufe ruwa ko daji don maslahar jama'a, bin dokar wajibi ne, mai satar shiga da dare kuwa haƙƙin gari duka ya ci. Abin da ke cikin tsofaffin al'adun ruwa na yanka ko roƙon wanin Allah, wannan a bar shi. Dokar hutar da ruwa kuwa a riƙe ta da kyau, a ma faɗaɗa ta zuwa wasu tafkuna.

ABIN DA YA LALACE YANA GYARUWA

Kada ka ce ai an makara. Ga misali biyu daga maƙwabtanmu na Nijar.

Raƙumin dawa a da yana yawo daga Senegal har Tafkin Cadi. Farauta da fari da saran daji suka cinye shi, har a 1996 aka ƙirga 49 kacal suka rage a duk Afirka ta Yamma, a yankin Kure, kan hanyar Yamai zuwa Dosso. Gwamnati ta hana kashe shi, mutanen ƙauyuka suka yarda su zauna da shi ko da yana taɓa musu wake, samarinsu suka zama masu yi wa baƙi jagora. Kafin shekarar 2020 adadin ya haura 600. Dosso kuwa ba nisa gare ta da Kamba ba.

Na biyu, a ƙasar Maradi, bayan farin 1984 manoma suka karɓi wata dabara da ba ta bukatar ko kwabo. A lokacin sassabe, maimakon a tumɓuke duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse saura. Da yake saiwar tana nan da ranta a ƙasa, itacen yakan tashi da sauri fiye da dashe. Da wannan aka farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin kadada miliyan 5 a jihohin Maradi da Damagaram. Hausawa ne irinka, ƙasarsu ma ta fi taku ƙarancin ruwan sama.

GUNTUN GATARINKA YA FI SARI KA BA NI

Yanzu mu zo ga cikinka, don mun san mai jin yunwa ba ya jin wa'azi. Saurayi yakan zuba guba ko ya sare gawo ne don yana son kuɗin yau. Maganin wannan shi ne ya zamana yana da abin da zai ci daga guminsa duk shekara.

Buhari ya ruwaito cewa babu abincin da ya fi wanda mutum ya ci daga aikin hannunsa, kuma Annabi Dawuda (A.S.), duk da sarautarsa, daga aikin hannunsa yake ci. An san Shehu Usmanu da tufkar igiya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi littafi a kan neman halal, Tanbihus Sahib. Waɗannan su ne magabatanka. A ina ka samo cewa riƙon fartanya ƙasƙanci ne, zaman majalisa ana jiran ɗan siyasa ya raba dubu ɗaya kuwa wayewa?

Ka san a Nuwamban 2015 a nan Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Banki, a 2017 kuma aka buɗe babban injin casar shinkafa a Argungu. Mutane da yawa sun samu. Amma ka ga abin da ya faru da wanda ya zuba dukan ƙarfinsa a shinkafa kaɗai. Ambaliyar 2020 ta shafe gonaki a fadamar nan, ga bashi a wuya. A 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin ban ruwa ya ninka. Shi ya sa muke ba ka shawarar gona ƙarama mai ƙafafu da yawa, in ɗaya ta karye saura su ɗauke ka. Ga yadda za ka tsara ta, ko da eka ɗaya ce ta gado ko ta aro:

Abincin gida tukuna. A tudu shuka gero ko dawa, ka ratsa wake da gyaɗa a tsakani. Saiwar wake tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa kuma abincin dabba ce. Inda ƙasa ta zama fako, haƙa ƙananan ramuka kamar faɗin ƙwarya tun da rani, ka zuba taki cikin kowanne, ka shuka a ciki in ruwa ya sauka. Mutanen Tawa suna kiran wannan tassa, kuma da ita suka raya filayen da aka fid da rai a kansu.

Itace a cikin gona. Bar gawo ya tsaya. Shi kaɗai ne ke zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da awaki. Duba geron da ke ƙarƙashinsa ka gwada da na nesa, idonka zai ba ka amsa. Kewaye gonar da zogale, ka bar kuka da tsamiya da ɗorawa inda ka tarar da su. In kana da hali rataya amya, amma in za ka ɗebi zuma yi da hayaƙi kaɗan, kada ka ƙone ƙudan.

Dabbobi. Fara da jar akuya biyu. Cikinta wata 5 ne, tana yawan haifar tagwaye, kuma fatarta ta yi suna har Turai tun zamanin fataken Sahara. Ƙara da kaji da zabi. Kaza tana ƙyanƙyasa a kwana 21, kuma za ta kwanta maka a kan ƙwan zabo. Abin da ke share kaji lokacin hunturu yana da rigakafi mai arha wurin malaman dabbobi, kada ka yi sakaci da shi.

Taki. Haƙa rami a bayan gida, ka riƙa zuba kashin dabbobi da toka da shara da ragowar kara, kana yayyafa ruwa kana juyawa. Cikin wata 2 zuwa 3 ya nuna. Duk buhun da ka samu a nan, ka rage na kanti ke nan.

Lambun rani. A fadama ruwa ba shi da zurfi. Ɗan fili na albasa da tattasai da alayyafo ya ishe ka cefane da kuɗin sabulu. Mutanen Aliero da albasa suka gina gidaje. In za ka yi feshi, bi ƙa'idar da aka rubuta, kuma kada ka wanke tankin feshi a gulbi ko ka jefa kwalbar a ciki.

Ajiya. Kada ka sayar da komai da kaka lokacin da farashi ya faɗi, sa'an nan ka sayo da tsada da bazara. Wake yana zama lafiya a buhun nan mai leda biyu a ciki, in an ɗaure shi iska ba ta shiga, ba sai an zuba masa guba ba.

Haƙƙin Allah. In hatsinka ya kai wusuƙi 5, watau sa'i 300, zakka ta wajaba: kashi 1 cikin 10 in ruwan sama ko malala ya shayar, kashi 1 cikin 20 in da inji ko jigo ka shayar. Kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga shukar Musulmi, sadaka ce gare shi. Ashe ko ɗan abin da kurciya ta tsinta bai tafi banza ba.

MAGANIN ƘUNCIN ZUCIYA

Akwai wata fa'ida da ba a aunawa da mudu. Samari da yawa yau suna kwana kan waya, su tashi da rana tsaka, jiki a mace, zuciya a ƙuntace. Daga nan sai a faɗa wa Tramadol da makamantansa, wai a sami sauƙi. Alhali Allah Ya yi ta kiranmu mu fita mu duba. A Suratul Gashiya, daga aya ta 17 zuwa ta 20, an umarce mu da lura da raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa. Annabi (S.A.W.) yakan tashi cikin dare ya dubi sama yana tunani, kuma ya bayyana cewa akwai ƙauna tsakaninsa da dutsen Uhudu.

Gwada wannan mako guda. In ka sallame Asuba kada ka koma shimfiɗa. Bar waya a gida, ka taka zuwa gona ko bakin fadama kana azkar ɗinka na safe. Dubi balbela tana bin shanu, dubi zalɓe yadda yake haƙuri a bakin ruwa. Koyi sunayensu wurin tsofaffi, don abin da ba ka san sunansa ba, ba za ka lura da ranar da ya ɓace ba. Ka yi aiki har ka yi gumi. Likitoci suna ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, manomi kuwa yana cika wannan kafin Talata. Za ka ga barcinka ya daidaita, abinci ya yi maka daɗi, fushi ya ragu. Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya wayi gari cikin aminci, da lafiyar jiki, da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne.

Sai dai hattara biyu. Kwantaccen ruwa mai katantanwa yana sa tsargiya, in ka ga jini a fitsari tafi asibiti, maganinta yana nan. Haka in baƙin ciki ya yi maka nauyi har ya hana ka barci da abinci, ko shaye-shaye ya riga ya kama ka, gaya wa wani babba da ka amince da shi, ku nemi likita. Neman magani ba ya cikin raunin imani.

UZURORI UKU

"In ban kama ba wani zai kama." Kowa da kabarinsa. Kuma shi wanin, kai yake kallo yana faɗin haka.

"Arziki na Allah ne, kifi ba ya ƙarewa." Arziki na Allah ne, babu shakka. Shi ne kuma Ya sanya wa kowane abu sababi, Ya hana almubazzaranci a Suratul A'araf, aya ta 31. Wanda ya cinye irin shukarsa da rani ba ya cewa tawakkali ya yi.

"Itacen da zan dasa ba zan ci 'ya'yansa ba." Tsamiyar da kake hutawa a ƙarƙashinta, wa ya bar maka ita? Imamu Ahmad ya ruwaito umarnin cewa ko Ƙiyama ce za ta tsaya alhali akwai dashen dabino a hannun mutum, in yana da iko ya dasa shi.

AIKIN DA KE GABANKA

1. Daga yau ka yi alkawari tsakaninka da Allah: ba guba a ruwa, ba wuta a daji, ba harbin wasa.
2. A sassaben bana ka bar toho aƙalla 10 a gonarku, ka ɗaura musu ƙyalle don kada a sare.
3. Ku haɗu ku biyar ko goma, ku je wurin mai gari da Sarkin Ruwa da limami, ku nemi a keɓe tafki ɗaya da za a hutar daga farkon malala har ruwa ya janye.
4. Ka karɓe danƙo daga hannun ƙanenka da lalama, ka ba shi 'yar kaza ya yi kiwo.

TAMBAYOYI

1. Mene ne hima, kuma wane misalinta ka sani a ƙasar Kabi?
2. Kawo dalili biyu da suka haramta kamun kifi da guba.
3. Me ya sami mutanen Indiya bayan ungulu ta ƙare?
4. Me ya bambanta gawo da sauran itatuwan gona?
5. Nawa ne zakkar shinkafar da aka shayar da inji?

Ya Allah Ka sanya albarka a gulbinmu da gonakinmu da dabbobinmu. Ka wadata samarinmu da halal, Ka tsare su daga roƙo da zaman banza. Ka ba mu ruwa mai amfani, Ka kare mu daga fari da ambaliya. Abin da muka faɗa daidai daga gare Ka yake, kuskure kuwa namu ne, muna neman gafararKa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.